Gida Mai Tsamiya Biyu

Ina tsaye a bayan ɗakin taro na jami'armu, takardar yabo a hannuna, sai ga kiran Munir.

“Aina'u, Inna kika saka a bincikenki?”

Na ce masa ai na sauya suna. Ya ce in zo gida ranar Juma'a. Ko “'yar bokota” da yake tsokanata da ita bai faɗa ba.

Jami'armu ta kuɗi ce, irin wadda aji ba ya wuce mutum goma sha biyar, malami ya san tarin kowa. Tallafin karatu ya kai ni daga ƙauyenmu na gefen Ɗambatta. Munir manomi ne, shi ke ɗaukata a mashin zuwa tasha duk farkon zango, kuma an sa mana rana bayan kaka.

Binciken shekarata ta ƙarshe a kan mata masu kalar gero ne, masu bin gonaki bayan girbi suna tsintar abin da ya zube. Da hutu ina taya Inna, mahaifiyarsa, surfe, ta gaya mini shekara uku ke nan tana zuwa kala gonakin nesa tun rasuwar mijinta. Tana zubawa a rumbu a ɓoye, don kada Munir ya gane nomansa ba ya kai su damina.

“Ke 'yata ce, shi ya sa na faɗa miki,” in ji ta.

Ni kuwa uwar iyayi, ina fita na rubuta.

Na bi ƙa'idar malamarmu, na mai da Inna “Laraba”. Amma na bar tsamiya biyun ƙofar gidanta, na bar ɗanta tilo, don na ga sun ƙawata rubutun. Na manta a garinmu ba da suna ake gane gida ba.

Tun kafin ranar ba da takardar yabo, jami'a ta ɗora bidiyon jawabina a shafinta. Ramlat, 'yar baffan Munir da ta daɗe tana sonsa, tana jin Turanci daidai na ɓarna. A gidan suna ta kunna wa mata, tana fassarawa har da ƙari.

Ranar Juma'a Inna ta shimfiɗa mini tabarmar baƙi. Na durƙusa ina kuka ina ba ta haƙuri, ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai ta tambaye ni karatu.

“Malama, a kawo miki fura?”

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Munir ya raka ni gindin tsamiya. Ya rame, kuma bai yarda mun haɗa ido ba.

“Shekara uku ina cin tuwon kala ban sani ba. 'Yan makarantarku sun riga ni sani, har da tafi.”

“Masoyina, zan sa a cire bidiyon...”

“Ki cire. Wa zai cire shi daga bakin matan gari?”

Ya ce har yanzu yana sona, amma ba zai kai wa Inna surukar da za ta riƙa auna magana a gabanta ba. Bayan kwana uku manya suka zo wajen Baba, aka warware maganar aure cikin mutunci.

Na sa an cire bidiyon, sai dai ya riga ya yi nisa. Wata ƙungiyar agaji ta zo da buhun hatsi da mai ɗaukar hoto, suna tambayar gida mai tsamiya biyu. A kakar nan Inna ba ta fita kala ba, Munir kuma ya tafi ci-rani birni, unguwar Bacirawa.

Na gama da sakamako mafi kyau a sashenmu. Ranar da na dawo da kayana ɗan acaɓa ne ya ɗauko ni daga tasha, ya bi ta ƙofar gidansu. Na ɗaga kai na duba.

An sare tsamiya ɗaya.