Awon Tela

Ranar da ya fara ganinta, yana durƙushe a gindin katanga yana kafa na'urar awo mai ƙafa uku. Ta fito da ruwan sanyi, ta tsaya nesa kaɗan don kada ta taka masa igiya.

"Sannu da aiki, Mai Awo. Baba ya ce a kawo maka."

Ya ɗago kai, nan take lambar da ya karanta ta gudu daga kansa.

Auta ce, 'yar Tela, ma'aikaciyar jinya. Mahaifinta ne ya ɗauko shi, domin shekara uku ke nan Tela da maƙwabcinsa Direba ko gaisawa ba sa yi. Direba ya ce katangar ta ci masa ƙafa biyu. Tela ya ce shi ya auna filinsa da hannunsa, kuma shekara arba'in yana awo bai taɓa ɓata wa kowa riga ba.

Sati biyu aka yi ana jiran kwafin taswira daga ofishin filaye. Mai Awo kuwa kullum sai ya sami dalilin dawowa duba turakun iyaka. Auta ta lura ba ya katse mutum, ko da Tela na maimaita labari karo na biyar.

Ta rubuta masa: "Turakun nan ƙafa gare su ne, da kullum sai an duba?"

Ya amsa: "A'a, Sanyin Idona. Mai duba su ne ya kasa zama wuri ɗaya."

Akwai kuma wani matashin lauya, ɗan aminin Tela, da ke zuwa da kwat da ƙamshi, rabin idonsa kan shari'a, rabi kan Auta. Kullum maganarsa ɗaya: "Baba, kotu kawai za mu. Mu koya masa hankali."

Da taswira ta iso, Mai Awo ya auna sau uku. Ya sami Tela a shago, ya zauna ƙasa kusa da keken ɗinki.

"Baba, katangar ta shiga filinsa. Ƙafa biyu, har da ɗan ɗoriya. In aka je kotu, awon nan za a sake, kuma alƙali na iya cewa a rushe. In kun yi sulhu a rubuce, aka kai ofishin filaye, katangarka ta tsira."

Tela ya cire tabarau. "Ni na ɗauko ka, ni za ka tozarta? Na ga take-takenka da 'yata. To ka cire rai, kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofata."

Lauya ya ƙara da cewa ai an ga Mai Awo yana shan shayi da Direba.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Ashe da shi kuka haɗa baki? Baba ya ƙi cin abinci."

"Wallahi gaisuwa ce kawai. Da zan iya matsar da turke saboda ke, da ban cancance ki ba. Abu ɗaya nake roƙo: ki lallaɓa Baba ya nuna miki yadda ya auna. Kada ki yi masa gardama, ki kalli hannunsa."

Washegari ta yi hakan. Tela ya zaro tef ɗinsa daga wuya, ya shimfiɗa a ƙasa. Da ya kai ƙarshe, sai ya ɗora yatsu biyu, ya yi alama a bayansu, sannan ya ci gaba.

"Baba, yatsun nan fa?"

"Rarar ɗinki mana. Wa ke yanka ba rara?"

Nan take ya gano kuskurensa. Sau ashirin ya shimfiɗa tef ɗin ranar da ya auna filin, kowane karo da rarar yatsu biyu. Mama da ke bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Malam, fili ka auna ko wando?"

Da ƙafarsa Tela ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Direba. Aka yarda katanga ta tsaya, Direba ya karɓi daidai abin da ya rasa daga bayan filin Tela. Lauya ne ya rubuta yarjejeniyar, fuska ba walwala, shaidu suka sa hannu.

Sannan Tela ya aika a kira Mai Awo.

"Zauna, ɗana. Kana son yarinyar nan, ka san ƙarya ɗaya za ta ba ka ita, ka ƙi yi. Wanda bai yaudare ni don ya same ta ba, ba zai yaudare ta ba in ya samu. Turo manyanka."

Auta na bayan labule, ta rubuta wa Mai Awo saƙo: "Ka yafe mini, Masoyi."

"Ban taɓa riƙe ki ba, Amaryata."

Ranar ɗaurin aure, Direba ne ya fi kowa ɗaga murya wajen addu'a. Tela ya riƙe hannun angon ya daɗe bai saki ba.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya albarkaci zuriyarku, Ya haɗa ku da maƙwabta masu haƙuri irin nawa."

Direba ya share ido da bakin hula ya ce, "Amin, tsohon rigimamme."