Yatsun Inna Sun Ƙi Fitowa a Na'ura

Kun gan su, kada ku ce ba ku gan su ba. Tsofaffin nan da ke jere a kan benci a ofishin biza, sun rungume jakar takardu, suna jiran lambar da ba sa ji sosai idan an kira. Kun wuce su kuna latsa waya. Inna na cikinsu ranar, 'yarta Auta na gefenta.

Inna ta yi ritaya ne daga ɗakin wanki na asibiti, inda ta ƙarar da ƙarfinta tana cuɗa zannuwan gado a ruwan bilic. Auta kuwa bikinta ya matso, da wani ma'aikacin jinya da ya samu aiki a ƙasar waje. Dakta ake ce masa a unguwa, ya gaji da gyarawa ya haƙura. Sharaɗi ɗaya Auta ta kafa masa: ƙafarta ƙafar Inna.

Bizar masu ritaya ba wasa ba ce. Gwajin lafiya, inshora, shaidar fansho, duk Inna ta tsallake. Saura hoton yatsu.

"Mama, ƙara dannawa," in ji ma'aikaciyar.

Inna ta danna. Na'ura ta nuna ja.

Ma'aikaciyar ta juya tafin hannun ta duba. "Zanen yatsun ya shafe. A hutar da hannun, a riƙa shafa mai, ku dawo wata mai zuwa. In bai fito ba akwai wata hanyar, amma takan ci shekara."

Aikin Dakta ba zai jira shekara ba. Ya kira Auta a waya.

"Zuciyata, mu fara tafiya mana, daga baya sai..."

"Daga baya sai me? Ka san ba ta da kowa sai ni."

"Ni fa? Ni ba kowa ba ne?"

Ta kashe wayar, hawaye na zuba, amma ba ta sauya magana ba. Daga ranar ta ƙwace wanki da wanke-wanke, ta hana Inna taɓa ko cokali. Safe da yamma tana murza mata mai. Amma yatsun sai ƙara sulɓi suke yi, har suna tsagewa.

Wata rana ta dawo daga aiki da wuri. Warin bilic ne ya tare ta tun daga ƙofa. A banɗaki ta samu Inna a kan 'yar kujera, hannu biyu tsundum a cikin baho. Babu ko ƙyalle a ruwan.

"Inna... me kike wankewa?"

Inna ba ta ɗago ba.

"Da gangan kike yi?"

"Ni in tare a gidan suruki?" in ji Inna. "In ci abincinsa, ya riƙa jin tarina ta bango? Ki tafi ki yi aurenki, 'yar nan. Na'ura ta ƙi ni, ba laifin kowa."

"Wallahi in kika zauna na zauna. Sai ki zaɓa mini."

Nan take Auta ta kira Dakta. Bai daɗe ba ya iso da kayan aiki a jikinsa, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin banɗakin. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska da jiƙaƙƙen hannu.

"Inna, tawa uwar ta rasu ina makaranta," ya ce, kansa a ƙasa. "Tsofaffin wasu zan je in yi jinya a can. In wanke su, in ba su abinci a baki. Sai wadda Allah ya musanya mini in bar ta a nan? Da wane ido zan dubi na mutane?"



Ya jawo bahon ya tuntsurar da ruwan. Ya karɓi kwalbar mai daga hannun Auta.

"Miƙo hannun, Inna."

"Kai ɗan nan, ba ka da kunya ne?"

"Ku kuka ce ni Dakta ne. Likita ba ya surukuta."

Dariya ta kufce wa Inna daga cikin mayafin, kuka ya biyo ta. A hankali ta miƙa hannun.

Ya roƙi masu aikin su ɗaga masa ƙafa, suka ɗaga da ƙyar. An ɗaura aure Inna na zaune da safar hannu, ƙawayenta na tsokanarta wai ita ce amaryar. Da suka koma ofishin, yatsun hagu sun ƙi, na dama suka nuna kore. Ma'aikaciyar ta ce ya isa. Auta ta sunkuya ta sumbaci tsagaggen tafin a gaban kowa.

Kai mai karatu, tsohuwarka ba za ta taɓa ce maka tana tsoron zame maka nauyi ba. Za ta ce ta fi son zama ita kaɗai, kai kuma ka yarda don ya fi maka sauƙi. Ajiye wayar nan, ka je ka faɗa mata da bakinka cewa ɗakinta na cikin gidanka. Yau, ba gobe ba.