Ɗaurin Aure Kafin Litinin

"Na ce a ɗaga bikin nan, Darcy! Ko ba ka ji ba ne?"

Darcy na durƙushe gaban firji yana cusa robobin miya, ko ɗagowa bai yi ba.

"Na ji mana. Miƙo min waccan ta kabewar."

"Au, wasa ma ka mayar da ni?"

Litia ta jingina da ƙofar kicin, hannunta na hagu manne da jikinta, don har yanzu ɗinkin na ja idan ta ɗaga shi. Kusan wata guda ke nan da likitoci suka cire mata nonon hagu saboda ciwon daji. Aiki ya yi kyau, amma sun ce sai an bi da kemo, maganin nan mai ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya, don kada wani ɓurɓushi ya rage. Ranar Litinin za a fara. An duba haƙoranta, an dasa mata ɗan bututu a ƙirji, har ƙwayayenta na haihuwa an cire an adana, ko Allah zai sa wata rana. Bikinsu kuwa ya faɗo daidai tsakiyar jinyar.

Ya rufe firjin ya miƙe, yana goge hannu a wando.

"Tia, faɗa min gaskiya. Ke ce ko Nana?"

Nana ita ce mahaifiyarta, Salote, wadda ta taso tun daga Fiji kafin a yi aikin.

Litia ta sunkuyar da kai.

"Ta ce in bar garin nan na Griffith in koma birnin Brisbane wajen ƙanwarta, a yi min maganin a can. Ta ce ba za ta bar ni ina jinya a gidan namijin da ba a ɗaura mana aure ba... Darcy, ni kaɗai gare ta. Ba ta taɓa hawa jirgi ba sai saboda ni. Da wane baki zan ce mata a'a?"

"Ke me kike so?"

"Nan nake so! Kai nake so! Amma dube ni... zan rame, zan yi ta amai, ko tsayuwa a coci ba lallai in iya ba."

Ya kalli layukan bishiyoyin lemunsa ta taga. Can ya juyo.

"Wato matsalar Nana aure ne kawai?"

"Eh."

"To a ɗaura ranar Asabar."

"Wace Asabar?!"

"Wannan mai zuwa. Ai fasto ya gama komai tun kafin ciwon, rana kawai za a matso da ita."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye da ita.

"Kai fa ba ka da hankali."

"Da sauƙi, tunda kin sani tun farko."

Washegari da hantsi ya bayyana a gidan da Litia ke zaune da mahaifiyarta, da riga mai guga, da damin saiwar kava, wadda ake jiƙawa a sha, a hannu kamar yadda ake zuwa neman alfarma wajen manya a Fiji. Ya cire hula, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe dogayen ƙafafunsa da ƙyar, ya fara gaisuwa da harshen Fiji. Kalma uku kacal ya yi, Nana ta toshe baki da gefen zaninta.

"Ɗan nan, tsaya! Ka san me ka ce yanzu? Cewa ka yi ka zo aron tukunya!"

Litia da ke laɓe a ƙofar ɗaki ta cije leɓe, dariya na motsa mata ɗinki.

Nana ta gyara zama, fuskarta ta koma ta uwa.

"Ka iya wanke amai?"

"Na yi jinyar mahaifina har ya rasu, Nana."

"Ka san ƙila ba za ta haihu ba?"

"Na sani. Ita na zo nema."

"Idan ta tashi da fushi ta ce ba ta son ganin fuskarka fa?"

"Sai in fita gona in dawo da la'asar."

Nana ta daɗe tana kallonsa.

"Ni kuma a ina zan kwana?"

"Ɗakin da ke kusa da nata. Na riga na share."

"To ka ji sharaɗina. Kicin nawa ne. Na ɗanɗani miyarka, ko kare ba zai warke da ita ba."

Ta miƙa hannu ta karɓi damin.

Ranar Asabar aka ɗaura, a ƙarƙashin bishiyoyin lemu. Mutane ba su da yawa, don likita ya ce ta guji cunkoso. ’Yan cocinsu suka zo da rogo da gwaza da kifi a madarar kwakwa, maƙwabtan Darcy suka gasa rago. Litia ta sa farar riga mai faɗi, Nana ta taje mata gashinta ya tashi ɓul-ɓul kamar na matan garinsu, ta soka jan fure a gefe. Da fasto ya zo wajen alkawarin zama tare cikin lafiya da rashin lafiya, Darcy ya faɗa, ya sake maimaitawa.

Lahadi da yamma Litia ta fito da kujera baranda.

"Ba zan jira kemo ya sa gashin nan ya riƙa zuba a kan matashi ba. Gara in rabu da shi da kaina."

Nana ta ɗauki almakashi. Ta shafa gashin, ta yi addu'a ƙasa-ƙasa, ta yanke na farko ta ƙulle a cikin hankici. Sai ta ajiye almakashin.

Darcy na tsaye can gefe da injin aski, bai matso ba. Ya san a al'adar Fiji ba kowa ke taɓa kan mutum ba.

"Me kake yi a can kamar baƙo?" in ji Nana, tana share ido. "Zo ka ƙarasa. Tun jiya kai ma nata ne."

Ya matso a hankali. Tafin hannunsa mai kaushi ya sauka a kanta, ta lumshe ido. Injin ya yi ta ƙugi, gashi na sauka a kafaɗunta, iska mai sanyi na taɓa wuraren da ba ta taɓa taɓawa ba.

Da ya gama ya zagayo gabanta ya durƙusa, ya ƙura mata ido.

"Yi magana mana... na yi muni ko?"

"Tia..."

"Faɗi!"

"Ashe kunnuwanki manya ne haka?"

"Nana, kin ji shi ko?!"

Nana ta kai masa duka da tawul, su duka uku suna dariya. Ya riƙo fuskarta da hannu biyu ya sumbaci tsakiyar kanta.

"Kin fi kowa kyau, masoyiyata. Gobe tare za mu shiga, tare za mu fito."

Litia ta shafa kanta, ta ja dogon numfashi. Tsoron yana nan, bai je ko'ina ba, amma ya matsa gefe ya ba ta wuri.

"To," ta ce, "a zuba abinci. Yau zan ci in ƙoshi tun bakina na jin daɗinsa, kafin kemo ya ɗauke min ɗanɗano."