Tayil ɗin Zauren Gidansu Tamsin

A zauren gidansu Tamsin ta fara ganin Ewan, durƙushe yana shafa tayil kamar mai lallashin jariri. Gidan jan bulo ne a birnin Leeds na Ingila, kakan kakanta ya gina shi zamanin Sarauniya Victoria, da gilashi kala-kala a ƙofa, da murhun jin ɗumi a kowane ɗaki. Babanta ya ce mai duba gini ne kawai.

"Wanda ya jera wannan tayil bai yi gaggawa ba," in ji Ewan. Shi ke nan, zuciyarta ta tafi ba sallama.

Ta nuna masa ko'ina, har ƙararrawar kiran barori da ke kicin. Kullum da yamma saƙonsa zai shigo: "Sarauniyata, ɗora shayi, ina hanya."

Wata safiya ta sauko ta tarar da ma'aikata sun ja layin alli a kan tayil ɗin. Shugabansu ya ce kamfani zai sayi gidan ya yanka shi ƙananan gidajen haya, zauren kuma siminti za a zuba masa. Ewan ne ya auna musu komai.

Wato duk ɗakin da ta buɗe masa da soyayya, shi awo yake yi. Babanta ya ɓoye mata zancen sayar da gidan, amma na Ewan ya fi ciwo. Ta rubuta masa: "Ka sha shayina, ka auna gidanmu. Kar ka ƙara kirana sarauniya."

Bai musa ba. Ya ajiye aikin, ya kai awon nan gaban hukuma ya roƙi a sa gidan cikin gine-ginen tarihi da ba a taɓawa. Ciniki ya rushe. Babanta ya rantse ba zai ba macucin da ya ɓata masa ciniki 'yarsa ba, ita ma ta bar Ewan yana safa da marwa a bakin ƙofa har hunturu ya wuce.

"Na cuce ki, Tamsin. Ban da hujja," ya ce.

"Ɗauko buroshi ka goge allinku."

Ya goge a durƙushe, babanta yana kallo har zuciyarsa ta sauko.

Ranar bikin aurensu Ewan ya sunkuya zai ɗauke ta ya tsallake ƙofa da ita yadda angwaye ke yi a al'adarsu. Ta dafe ƙirjinsa.

"Bari, masoyi. Da ƙafata zan taka tayil ɗin nan."

Ta cire takalmi ta shiga, babanta yana sa musu albarka.