Ƙarar Makullai a Bayan Raga

Auta ta yi ta kai da komo a titin tana neman ƙofar jami'a, da kula cike da kwalaben ruwa a hannu, har hannun ya fara sagewa. Injin gwajin ruwa na makarantarsu ne ya lalace, malaminta ya turo ta nan ta ƙarasa aikinta na shekarar ƙarshe. Ita kuwa abin da ta sani da sunan jami'a shi ne irin tasu ta kan tudu: katanga, babbar ƙofa, masu gadi, ɗakunan kwanan ɗalibai da ciyawa kore shar.

A ƙofar wani kemis ta ga dogon saurayi yana cin burodi a tsaye, safar hannu ta masu tsaron raga tana reto a jikin jakarsa. Ta yi sallama, ta tambaye shi ina jami'ar take.

"Ai kina tsaye a cikinta," ya ce. "Saman kemis ɗin nan sashen lauyoyi ne. Tsohuwar siliman can laburare. Inda kike nema kuma yana bayan shagon tayoyi."

Ya dubi katin makarantarta da ke rataye a wuyanta, ya yi murmushi.

"Ashe 'yar Tudu ce. Kawo kular, kada ki koma ki ce mun bar baƙuwa da kaya."

Gola kowa ke kiransa, don shi ne mai tsaron ragar makarantar. Da safe yana aiki a shagon buga takardu, da rana aji, da yamma fili, sannan ya hau mota biyu kafin ya kai gida. A ɗakin gwajin da ya kai ta, Auta ta ga mai goyo tana auna sinadari, ga ɗan sanda da kakinsa yana kwafar darasi, ga wani dattijo mai furfura, ga wasu 'yan mata suna hira da yaren da ba ta taɓa ji ba. A Tudu, Jami'ar Tasha ake kiran wurin nan. Cewa ake ba ɗalibai ba ne a ciki, fasinjoji ne, kuma digirinsu warin hayaƙin mota yake yi. Ita ma ta sha faɗin haka tana dariya.

Aikin da za ta gama a mako guda sai da ta ja shi ya kai wata. Zuciya ba ta da ƙashi, kuma Gola ya iya bakinsa.

"'Yar Tudu, ruwanki ya fito lafiya?" ya rubuto mata wata rana. "Ni dai tun da kika tafi na kasa tare komai, ko ƙwallon yara."

"Golana, ka daina ɗora mini laifin ragwancinka," ta mayar masa. "Ka ci abinci kuwa, ko burodin tsayen ne yau ma?"

"Burodin ne. Ranar da kika zo gidana zan koyi cin abinci a zaune."

Ta karanta saƙon ya fi a ƙirga, tana murmushi ita kaɗai. Sai dai akwai abin da Gola bai sani ba. A wayarta, Mai Inji ta rubuta a madadin sunansa, saboda abokiyar ɗakinta, wadda ake kira Rediyo don bakinta ba ya riƙe magana. In ya kira tana cikin ƙawaye, sai ta fita waje ta amsa ƙasa-ƙasa. Ya sha cewa zai zo ya ga inda take karatu, ita kuma kullum da uzurin da za ta kawo. Shi kuma sai ya yarda da uzurin ba musu.

A gida ma haka. Abbanta likitan haƙori ne, shi ne shugaban tsofaffin ɗaliban Tudu, kuma yayyenta duka can suka gama. In ana hira aka ambaci Tasha, sai ya gyara gilashi ya ce ai wannan kasuwa ce mai ba da digiri. Ga kuma wani ƙaramin likita da ke aiki a asibitinsa, ɗan Tudu, wanda Abba ya fara gayyatowa cin abinci yana yabon hankalinsa a gabanta. Auta takan sunkuyar da kai ta yi ta juya cokali.

Ana haka lokacin wasan shekara ya zo, wanda makarantun biyu ke karawa a babban filin gari. Gola ya roƙe ta ta zo. Ta ce za ta zo, amma a ɓangaren makarantarsu za ta zauna. Ya ce ba komai, shi dai ya san tana wurin.

'Yan Tudu suna da wata ɗabi'a a wannan wasa. In an kusa tashi, sai kowa ya zaro makullin ɗakinsa na makaranta ya ɗaga sama yana kaɗawa, suna rera wa 'yan Tasha cewa su tashi mota za ta bar su. Ma'anar a fili take: mu muna da ɗaki, ku sai titi. Abin haushin, da yawa daga 'yan Tasha dole su tashi kafin a hura usur, don aiki na jiransu, sai dariyar ta ƙara ƙarfi.

Bayan hutun rabin lokaci aka sauya raga, Gola ya dawo daidai gaban 'yan Tudu. Auta tana layi na biyu, tana iya ganin zufar da ke bayan rigarsa. Da aka fara kaɗa makullai, ta ƙanƙame jakarta.

"Ke kuma fa?" Rediyo ta zungure ta. "Ko ruwan Tasha kika sha da kika je can? Na ga kin yi shiru tun ɗazu."

Ƙawaye suka juyo suna kallonta. Auta ta sa hannu a jaka, ta zaro makullin, ta ɗaga. Ta kaɗa, har da buɗe baki tana bin waƙar. A daidai lokacin ƙwallo ta fita ta bayan raga, Gola ya zagayo ɗauka, ya ɗago kai, idonsa ya faɗa cikin nata.

Ya ɗauki ƙwallonsa ya koma. Ita kuwa hannunta ya daskare a sama, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ranar ba saƙo, washegari ma haka. Ta kira bai ɗauka ba. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, daga ƙarshe ta tura: "Golana, ka yi haƙuri. Wallahi ba daga zuciyata ba ne."

Sai da yamma amsa ta zo: "Na sani. Abin da ya fi ciwo ke nan. Ba na son matar da za ta so ni a waya, ta ji kunyata a fili."

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi, don Rediyo ba ta kama mata hannu ba. Ranar Asabar ta tambayi masu shagon buga takardu kwatance, ta hau motocin nan biyu da yake hawa kullum, a tsaye, ana matse ta ta ko'ina, har ta kai unguwarsu.

Ba ta same shi ba, sai mahaifiyarsa, zaune a falo da littattafai baje a kan tebur. Ashe ita ma ɗalibar Tasha ce. Aikin wanki take yi a asibiti, tana karatun jinya da yamma bayan ta girmar da 'ya'yanta. Ta ba Auta wuri, ta kawo mata ruwa, ta saurari duk abin da ta zo da shi.

"Malama," ta ce, "ƙarar makullan nan ba baƙuwarmu ba ce, duk shekara muna jin ta. Ni ma ina cikin waɗanda suka tashi da wuri, aiki ke jirana. Amma kafin a fara wasa yaron nan ya zo har inda nake, ya nuna mini ke da yatsa, ya ce Umma ga surukarki can mai farin mayafi. Tun daga lokacin ban ɗauke ido daga kanki ba, har sai da kika ɗaga makullinki."

Auta ta zame daga kujera ta durƙusa. Umma ta ce ta tashi, ita ba ta riƙe ta ba, amma ba ta ce ta yafe ba, kuma har ta raka ta ƙofa Malama take ce mata.

A motar komawa Auta ta gyara sunansa a wayarta. Da ta isa ɗaki ta zaunar da Rediyo ta faɗa mata komai, tana sane cewa kafin gari ya waye rabin makaranta ya ji. Haka kuwa aka yi. Har wasu suka riƙa tambayarta ko za a kai amarya a motar haya ne.

Saura Abba. Ta same shi ranar da ya tara abokansa tsofaffin 'yan Tudu a falo, ƙaramin likita na gefe yana zuba musu shayi. Ana cikin dariyar yadda aka ci Tasha, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce:

"Abba, golan da kuke wa dariya, shi nake so. Ban san ko har yanzu yana so na ba, don na yi masa laifi. Amma ko ya ƙi ni, gara ku sani."

Ƙaramin likita ya ajiye buta, ya ce yana da mara lafiya a asibiti. Abba kuwa ya daina amsa gaisuwarta sai da ka, ya ce wa mahaifiyarta ba zai kai 'yarsa gidan fasinja ba.

Labari ya kai wa Gola ta bakin wani abokin wasansa. Saƙonsa ya shigo tana wanke-wanke: "An ce kin tayar da bom a falon Abba. Kin ci abinci kuwa, 'Yar Tudu?"

Ta zauna a ƙasan kicin tana dariya tana hawaye. "Ban ci ba, Golana. Ka yafe mini?"

"Na yafe. Ki ci, doguwar tafiya ce a gabanmu."

Doguwar ce kuwa. Abba ya ce zai yi bincike da kansa, kuma kowa ya san laifi ya tafi nema. Ya je shagon, ya je unguwar, har ajin yamma ya shiga ya zauna a baya. Ya dawo yana ƙorafin hayaniya da rashin wurin ajiye mota. Sai da aka kwana biyu ya kira Auta.

"Ina nan a kan bakana, makarantar nan kasuwa ce," ya ce. "Amma na nemi wanda zai zagi yaron nan na rasa. Ki ce ya turo magabatansa."

Bayan sun gama karatu aka ɗaura aure. A wajen liyafa zauren ya rabu biyu ba tare da an raba shi ba: abokan Abba a dama da manyan riguna, 'yan ajin Gola a hagu, wasu da kayan aiki a jikinsu don daga aiki suka zo. Mai gabatarwa, wani aminin Abba, ya karanto tarihin amarya, ya ja sunan Tudu aka yi ta tafi. Da ya zo kan ango sai ya ce ya yi karatunsa a nan cikin gari, ya wuce. A ganinsa rufin asiri ya yi wa kowa.

Gola ya yi murmushi kawai, ya sunkuyar da kai. Auta ta ga murmushin, ta kuma san irinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amaryar da ake jira ta zauna tana kunya sai ga ta ta miƙe, ta tattare rigarta, ta miƙa hannu a ba ta abin magana.

"Baba ya tsallake layi ɗaya," ta ce. "Mijina ɗan Jami'ar Tasha ne. Can ya yi karatu, yana aiki yana hawa mota, can ma surukata take karatu. Na taɓa jin kunyar faɗin haka, kuma kunyar abin da na yi ita ce ta fi damuna har yau."

Ɓangaren hagu ya ɗauki tafi har da buga tebura. A dama kuwa, Abba ya cire gilashi ya goge, ya fara tafawa a hankali, abokansa suka bi.

"Za ki sa ni kuka a gaban 'yan wasana," Gola ya raɗa mata da ta zauna.

Kafin ta ba shi amsa Umma ta taso daga wurinta, ta ratsa tsakiyar zauren har gabansu. Ta kama hannun Auta ta ɗora a kan na ɗanta, ta haɗa ta riƙe da nata biyun.

"'Yata," ta ce, "na yafe miki duniya da lahira. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa ku zama masu alfahari da juna a ɓoye da fili."

Zauren duka, dama da hagu, ya amsa da amin.