Takardar Da Aka Naɗe Tabarau

Ku ne kuka lalata mana layi. Ku da kuke zuwa a mota, gilas a rufe, ku sauke kwalin huluna da jarkar fetur ku juya. Ba zan kira suna ba, kun san kanku.

Kafin ku zo, layin nan daɗi gare shi. Mai walda na tsokanar mai aski, mai aski na hucewa a kan tela, rediyo ɗaya ke yi wa shago biyar labarai. A ƙarshen layin akwai shagon buga takardu na wani saurayi da kowa ke kira Mai Tawada, don ko da kalanzir ya wanke hannu sai ka ga baƙi a farcensa. A nan ya fara ganin Auta, 'yar tsohon direban jirgin ƙasa, ranar da ta kawo aikin katin bikin ƙawarta. Sau uku tana dawowa wai an yi kuskure a katin. Babu kuskuren komai! Shekara na zagayowa ya buga nasu katin.

Sai soja suka ce za su sauka a yi zaɓe. Gari ya rabu biyu: 'yan Fitila masu jar hula a wannan gefen titin jirgi, 'yan Garma masu koriya a wancan gefen. Baban Auta ɗan Fitila ne na gani-kashe-ni, shekara shida ya yi a kurkukun soja saboda yajin aikin da ya jagoranta. Yayanta kuwa shi ke gaban matasan ƙungiyar. Mai Tawada haifaffen wancan gefen ne, amma kowa ya kawo fosta buga masa yake yi.

Wata rana da hantsi shi da Auta suka zo gaisuwa gidan iyayenta. Tabaran Baba ya karye, surukin ya kai an gyara, ya naɗo shi a takardar gwaji, irin waɗanda ke lalacewa kafin inji ya daidaita. Da su yake naɗe komai, da su yake goge hannu. Ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

"Allah ya yi albarka," in ji Baba. Ya saka tabaran yana murmushi. "Kai! Ashe Maman yara ta tsufa haka ban sani ba?"

"Kai ma da ka duba madubi," in ji Mama, kowa ya yi dariya.

Sai Baba ya warware takardar da ke cinyarsa don ya gwada ido. Murmushin ya ɗauke. Ya karanta a fili, kalma-kalma: "'Yan Fitila karnukan soja ne."

"Waye ya buga wannan?"

"Baba... ni ne. Wallahi ban karanta ba. Mu layi muke dubawa da tawada, ba magana ba..."

"Ba ka karanta ba!" Baba ya ɗaga riga ya nuna tabon bulala a haƙarƙarinsa. "Wannan fa, kana iya karantawa? Ni ne karen soja? Har cikin ɗakina, kuma a hannuna?"

Auta ta zube ƙasa. "Baba, don Allah, kuskure ne..."

"Ke, shige ciki! Kai kuma fita. Ƙafarta ba za ta ƙara taka gidanka ba."

Yaya ya ɗauki hularsa ya fita. Kafin la'asar hayaƙi ya turnuƙe ƙarshen layi. Yaya da matasansa sun ƙona shagon, suka ɗora hannun daman Mai Tawada a bakin kwata suka sa gora. Mai aski da tela suna kallo ta ramin ƙofa, babu mai ƙarfin halin fitowa.

Wata biyar Auta ta yi a ɗakin Mama. Ta rame har zobe na zamewa daga yatsarta. Kullum Yaya sai ya tsaya mata a ka.

"Ki nemi takardarki mu huta. Ga samari nan a ƙungiya, masu mota."

"Yaya, Baba ya ce in zauna, na zauna, ko zaure ban leƙa ba. Amma bakina ba zai roƙi saki ba, ko za ka haɗa ni da gorar."

"Kin zama 'yar Garma ke nan!"

"Ni matar mutum ce. Ban san wata garma ba."

Mai Tawada ma bai rubuta takardar saki ba. Kowane mako sai ya zo ƙofar gidan, hannu rataye a wuya, ya yi sallama sau uku, a ƙi amsawa, ya juya.

Saura sati biyu zaɓe, gangamin ƙungiyoyin biyu ya haɗu a mararrabar titin jirgi. Adda, gora, kwalba, taya na ci da wuta. Da aka watse, Yaya bai dawo ba. Baba ya zaga asibiti, ya zaga ofishin 'yan sanda, har ɗakin ajiye gawa ya shiga yana ɗaga mayafi. Wancan gefen ne kawai bai isa ya taka ba, kowa ya san fuskarsa. Ya je wurin manyan ƙungiya, mai gadi ya ce Oga na mitin.

A rana ta huɗu Auta ta durƙusa gabansa. "Baba, ka ba ni izini. Akwai ƙaramin injin hannu a gidansa, bai ƙone ba. A buga cigiya."

Baba ya dube ta. "Mutumin da muka karya wa hannu?"

"Shi."

Baba ya ce ta je. Ta sami Mai Tawada a tsakar gidansa. Suka tsaya suna kallon juna, hawaye na zuba.

"Kin rame, Auta."

"Kai fa? Kamar tsinken ashana. Kawo injin."

Ya jera haruffa da hagu, ita ke jan ƙarfen. Hoton Yaya da jar hula yake, sai ya sa reza ya yanke hular, don kada takardar ta zama sammacin mutuwa. Bai sa sunan ƙungiya ba, cewa kawai ya yi ɗan wata tsohuwa ya ɓata, uwarsa ba ta ci ba ta sha. Da kansa ya bi unguwar da aka haife shi yana liƙawa a bango. 'Yan uwansa na jini suka tare shi.

"Wanda ya nakasa ka kake nema?"

"Wan matata nake nema. Ku matsa."

Washegari wata mai sharar ƙaramin asibiti ta biyo shi da takardar a ƙunshe cikin mayafi. A ɗakin ajiye tsintsiya suka ɓoye yaron, ta ce, don kada a ƙarasa shi. Yana da rai. Ƙafar hagu ce dai ba a iya cetowa ba.

A kura Mai Tawada ya turo shi, lulluɓe da buhunan takarda, ya tsallaka titin jirgi da hannu ɗaya da ƙirji. Da suka iso ƙofar gida ya yi sallama yadda ya saba. Baba ne ya amsa. Yaya ya kama karyayyen hannun nan ya kifa fuska a kai yana kuka kamar yaro.

"Ka yafe mini... don Allah ka yafe mini!"

"Yaya, a hankali, wallahi har yanzu yana ciwo."

Mama ta yi dariya cikin kuka. Baba ya ɗauki akwatin Auta da kansa, ya ɗora a ka, tsoho da furfura, ya bi layi kowa na kallo har ƙofar surukinsa.

Haƙurin Auta ya dawo mata da miji, bai raba ta da uba ba, ya kuma dawo wa Mama da ɗa. 'Yan mata, ku riƙe wannan: kada ku bari fushin da aka aro a filin taro ya kashe muku aure.

Layin dai bai koma yadda yake ba. Mai walda ya tashi, tela ya mutu a rikicin. Su kuwa masu motar, na Fitila da na Garma, bayan zaɓe suka narke a jam'iyya ɗaya, har 'ya'yansu suka auri juna. A cikinsu ko farce babu wanda ya rasa. Kai mai karatu, ka duba garinku da kyau. In ƙarya na yi musu, fito ka nuna mini ko ɗaya da ke tafiya da sanda.