Muryoyin da Aku Ya Koya

Mutawakkil makaniken injin ban-ruwa ne a Dutsin-Ma. Shekara goma sha ɗaya yana bin gonakin rani na bakin madatsar ruwa ta Zobe, yana tayar wa wasu injina, su noma albasa su sayi mota, shi ya koma gida a tsohon babur. Mutum uku ke gidansa ban da shi: mahaifiyarsa Inna Kande, matarsa Batula, da 'yarsu tilo, Raudatu, mai shekara goma sha huɗu. Ba a taɓa kwana da yunwa a gidan ba. Ya kamata a san wannan tun farko.

Wani direba ne ya yi masa kwatancen boka a dajin bayan Barkiya. Ya je wata Laraba da hantsi. Bukka ce a gindin kuka, ba ta da ƙyaure. Ɓawon gyaɗa ya rufe ƙasa har idon sawu. A jikin jinka an rataye keji fiye da ashirin, duk a buɗe, duk babu komai ciki. A tsakiya akwai baƙar tukunya da aka binne rabinta, an manna mata gashin tsuntsu da busasshen jini. Bokan ɗan tsoho ne mai tsabtar riga. Yana ɓare gyaɗa, ba ya ci.

"Dukiya kake so," in ji shi.

"Baba, na gaji ne."

"Kowa ma ya gaji. Na ce dukiya kake so?"

"Ita. Amma jini fa ba zan zubar ba, na faɗa maka tun yanzu."

"Wa ya tambaye ka jini?"

Ya sa shi ya durƙusa, ya kafa baki a tukunyar, ya kira sunan duk wanda ke kwana a gidansa. Sunayen suka shiga, ko amo bai dawo ba. Sannan bokan ya ɗebo ruwan ciki ya wanke masa tafin hannun dama. Ruwan da ɗumi, kamar yanzu aka sauke shi daga wuta.

"Tsuntsu zai sauka a gidanka. Ɓatacce ne, yana tsoron mutane. Kada ka sa shi a keji, kada ka ɗaure shi, kada ka rage masa fiffike. Ka bi shi a hankali har ya yarda da kai. Ranar da ya ci daga wannan tafin, kai da talauci kun rabu."

"Ladan aikin fa, Baba?"

"Abin da ya koya a gidanka nawa ne."

"Shi ke nan?"

"Ya yi maka kaɗan? In ƙara?"

Mutawakkil ya ce a'a, ya isa. Bai ƙara tambaya ba.

Bayan kwana uku aku ya sauka a kan bishiyar dalbejiya ta tsakar gida. Ruwan toka, jar wutsiya, da guntun sarƙa a ƙafa. Ya rame, ƙirjinsa duk a fige. Da ya buɗe baki, muryar wata mace ce ta fito: "Maniru, ruwan wanka ya yi." Inna Kande ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "To Allah ya sa Manirun nan ya samu ya yi wankansa."

Mutawakkil ya iya haƙuri da abin da ya ƙi tashi, sana'arsa ce. Ya ajiye gyaɗa a kan katanga, ya zauna nesa, ya ba tsuntsun gefe, don ya lura ba ya son a tsura masa ido. Kullum bayan asuba ya matso da gyaɗar taku ɗaya. Ya daina shigowa da babur a kunne. Ya daina sa jar hula. A rana ta goma sha shida ya miƙa hannu, akun ya cije shi a babban yatsa har jini ya zuba, bai janye ba. A rana ta ashirin da uku akun ya taka wuyan hannunsa, ya ɗauki gyaɗa daga tafin, sannan ya sunkuyar da kai a sosa masa.

A makon aka ba Mutawakkil aikin kawo injina ɗari biyu. Shekara ba ta zagayo ba sai da ya buɗe shagon taki da na injina, ya zuba Keke Napep a gari, ya rushe gidan ƙasa ya gina na siminti, ya je Makka ya dawo Alhaji. Dalbejiyar kaɗai ya hana a sare.

Inna Kande ce mai yawan hira da akun. Wata safiya tana ɗaki, aka ji muryarta daga bishiya: "Ɗan nan, ka ci abinci kuwa?" Ba abin da ya bambanta, har ɗan tarin da take yi a ƙarshe. Aka yi ta dariya. Bayan kwana uku ta kwanta bayan azahar, ba ta tashi ba. Aka ce tsufa.

Bayan wata bakwai akun ya ce, "Alhaji, a dawo lafiya," da muryar Batula. Kwana uku, ta faɗi a bakin murhu. Likita bai ga komai ba.

Ranar sadakar uku Mutawakkil ya koma Barkiya. Bokan na nan yana ɓare gyaɗa.

"Ka kashe mini uwa da mata."

"Ni? Ina nan zaune. Na ce abin da ya koya nawa ne, ka ce ya isa."

"Karɓi abinka. Karɓi shagunan, karɓi gidan."

"In yi me da taki? Tsuntsu kuma ba nawa ba ne yanzu. Da kai ya yarda."

"To ya ɗauki muryata."

"Ba ya ɗaukar muryar hannun da ke ba shi. Saura suna nawa a tukunya, Alhaji? Ka fi ni sani."

Saura ɗaya.

Ya kai akun bayan Zobe ya sake shi. Kafin ya iso gida akun na kan dalbejiya. Ya ba wani mai motar Legas shi kyauta a cikin kwali. Kwana biyar ya dawo, ya sauka a kafaɗarsa, ya sunkuyar da kai. Ya ɗauko wuƙa, ya danne shi a ƙasa. Akun bai yi motsi ba, ya dai ce, "Ɗan nan, ka ci abinci kuwa?" har da tarin. Wuƙar ta faɗi.

Sai ya kai Raudatu Kurfi, wurin ƙanwar mahaifiyarta. Ya hana ta zuwa Dutsin-Ma ko da Sallah, ya hana ta kiransa. Bai gaya mata dalili ba. Ta ɗauka ya tsane ta ne don tana kama da uwarta. Shekara guda dabarar ta yi aiki.

Ranar da ta sauke Alƙur'ani ta ari wayar innarta ta tura masa saƙon murya. Daƙiƙa tara ne: "Baba, na sauke yau. Na duba cikin mutane ban gan ka ba. Ba komai, Baba."

Ya saurara a shago sau ɗaya. Ya koma gida, ya zauna a tsakar gida inda ba kowa, ya sake kunnawa. Ya ce bai san sau nawa ba, tun daga la'asar har inuwa ta kai katanga. Ya ce ya saba da nauyin tsuntsun a kafaɗarsa har ya daina jinsa. Da batirin ya mutu, saƙon bai tsaya ba.

"Ba komai, Baba."

Ya tafi Kurfi a ranar. Ya tara malamai, ya zauna a bakin ƙofarta kwana uku. Lafiyarta ƙalau, har ta dafa masa shayi, tana murna ya zo. Da hantsin rana ta uku ta ce bari ta ɗan kishingiɗa.

Shagunan sun rufe cikin wata biyar. Masu keke kowa ya tafi da nasa, bai nemi kowa ba. Bukkar Barkiya yanzu babu ita, sai ɓawon gyaɗa. A Kurfi wasu tsofaffi sun tuna wani Maniru mai kantin atamfa da ya yi arziki lokaci guda, ya binne iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Sun ce yana kiwon aku.

Mutawakkil na nan a gidansa. Maƙwabta na miƙa masa abinci ta kan katanga, ba mai yin sallama. Duk wannan labarin daga bakinsa ya fito, don yanzu ba ya yin shiru. Daga safe zuwa yamma yana zaune a gindin dalbejiya, yana maimaita labarin, yana maimaita sunansa a kunnen tsuntsun a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Akun ya saurara, ya karkata kai, ya ci gyaɗa daga tafinsa, ya amsa da ɗaya daga muryoyin nan uku.

Duk wanda zuciyarsa ke raya masa hanyar boka, ya je ya tsaya a bayan katangar nan ya ji. Ba a sayar da arzikin tsafi da araha, kuma ba mai nema ne ke biya ba, waɗanda suka yarda da shi ne. In ka je, ka riƙe bakinka.